Ƙarin ƙashi a kafaɗa: yaushe ƙarfen awo ya fi na harhaɗawa?

Mai_Koyon_Tiyata:

Assalamu alaikum malamaina. Ina so a warware mini wani abu da ya shige mini duhu game da sake gina kafaɗa bayan an cire ƙarin ƙashi, wato ciwon dajin da ya tsiro a ƙashi.

A ɗauka ga matashi ɗan shekara 19 da ostiyosakoma, wani nau'in ciwon daji na ƙashi, a saman ƙashin dantse. Tsawon ƙashin santimita 31, kuma MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu) ya nuna ƙarin ya bi ɓargo har santimita 19 daga kan ƙashin. Babu ruwa a cikin gaɓar, kwarmin allon kafaɗa lafiya lau, huhu ma ba a ga komai ba. An fara kemo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji), tiyata sai nan da mako 8. In aka ba da tazarar santimita 2, abin da zai rage zuwa gwiwar hannu santimita 10 ne kacal, kuma kusan rabinsa ba shi da ramin da sandar ƙarfe za ta shiga.

Shin wannan ya isa dalilin a sa a ƙera masa ƙarfe daidai awonsa da bugun 3D (na'urar da ke gina abu shimfiɗa bayan shimfiɗa), ko na harhaɗawa (guntayen ƙarfe da aka riga aka ƙera) da ke ajiye zai wadatar? A sama kuma me za a sa, rabin gaɓa (a canza kan ƙashin dantse kaɗai) ko juyayyar gaɓa (ƙwallo a jikin allon kafaɗa, kwarmi a jikin dantse)? Sannan me ya fi lalata irin wannan aiki daga baya? Na gode.

Likitan_Ƙari:

Wa alaikumus salam, Likita. Ki ajiye maganar ƙarfe tukuna, ki koma kan MRI ki nemo abu biyu: tsokar deltoyid da ta lulluɓe kafaɗa, da jijiyar hammata mai motsa ta. Ko yaron nan zai ɗaga hannu ko ba zai ɗaga ba, a nan za a yanke hukuncin. Ƙarfe komai kyansa giɓi kawai yake cikewa.

Shi ya sa rabe-raben yankan kafaɗa da likita Malawer ya fitar a 1991 bai tsaya ga nau'i shida na yanka ba, sai da ya ƙara wa kowanne harafi: A in tsokokin ɗaga hannu sun tsira, B in an tafi da su. Naki nau'i na I ne muddin cikin gaɓar da tsabta. In ƙarin ya shiga gaɓa ya zama na V, a cire shi da kwarmin gaba ɗaya ba tare da an buɗe jakar gaɓar ba. Rashin ruwa a gaɓa alama ce mai daɗi, amma bai wanke ta ba. A bi agarar doguwar tsokar ƙwanji inda ta ratsa cikin gaɓar, a bi inda jakar ta manne wa wuyan ƙashin, domin ta nan ƙari ke sulalewa ciki.

Jijiyar hammata tana zagayo wuyan ƙashin ta baya tare da jijiyar jininta, wajen santimita 5 zuwa 7 ƙasa da tsinin kafaɗa. In ƙarin ya fasa ɓawon ƙashi a daidai nan, jijiyar ta tafi, kuma ba a tsefe jijiya daga jikin sakoma don neman motsi. Ki duba kuma inda aka bi aka ɗebi ɗan naman ƙarin don gwaji. Wurin da ya dace shi ne kashi ɗaya cikin uku na gaban deltoyid, saboda jijiyar daga baya take zuwa, ana iya yanke hanyar allurar a fitar da ita da ƙarin, sauran tsokar ta ci gaba da aiki. In ta tsakiya ko ta baya aka bi, ko ta kwarin da ke tsakanin deltoyid da tsokar ƙirji, an riga an yi ɓarnar da sai an biya ta da nama.

Akwai abin da lissafinki ya ɓoye. Yanka a santimita 21 ya wuce inda deltoyid ke kama ƙashi, wanda yake wajen tsakiyar dantse. Ke nan ko jijiyar ta tsira, tsokar za ta rasa mariƙinta ɗungurungum, haka tsokar ƙirji da faffaɗar tsokar baya, duk sai an ɗinke su a jikin ƙarfe. Kuma jijiyar radiyal mai ɗaga wuyan hannu da yatsu, bayan ta kwanta a bayan ƙashin, tana huda shamakin tsoka ta dawo gaba a wajen santimita 10 sama da gwiwar hannu, wato daidai inda zarton zai bi. A nemo ta, a sake ta, a rataye ta da zare kafin a taɓa zarto.

Batun sama: in jijiya ko deltoyid ta tafi, rabin gaɓa za a sa, kuma a gaya wa yaron da iyayensa gaskiya tun kafin tiyata cewa aikinsa riƙe tsawon hannu ne don gwiwa da yatsu su yi aiki. Ɗagawa da ƙyar take wuce digiri 45, kuma kan ƙarfen yakan yi ta hawa sama har ya tokari tsinin kafaɗa, wani lokaci ya turo fata ta gaba. Ana rage haka da ragar roba da ake ɗinkewa a bakin kwarmin a lulluɓe ƙarfen da ita. In kuwa sun tsira, juyayyar gaɓa ta fi. Tsarin Grammont na 1985 ya mayar da ƙwallon jikin allon kafaɗa, kwarmin kuma jikin dantse, ya jawo cibiyar juyawa ciki da ƙasa, sai deltoyid ta iya ɗaga hannu ba tare da tsokoki huɗun nan masu riƙe kan ƙashi ba, waɗanda dama za a yanke su. Da ita sau da yawa hannu kan kai digiri 90 ko ya zarce.

To yanzu ƙarfen awo. Na ga dalilinsa a nan, amma a ƙasa yake. Ramin ɓargon ƙasan dantse yana baje ne, yana ƙuntata, ya ƙare sama da kwarmin da tsinin gwiwa ke shiga. Sandar da aka saba da ita ta fi ramin tsawo, in aka yanke ta aka cusa da simintin manne ƙashi kuma, murɗa za ta girgiɗe ta cikin 'yan shekaru. Ɗayan zaɓin shi ne a canza dantsen gaba ɗaya har gwiwa, a yi asarar gaɓa mai lafiya a hannun ɗan shekara 19. Ni a ganina a sa na harhaɗawa daga sama zuwa tsakiya, a ƙera guntun ƙasa kaɗai da awo.

Injiniyan_Kayan_Tiyata:

Ranka ya daɗe, tunda an iso gonata bari in ɗora. Likita, abin da masu ƙira za su nema daga wurinki shi ne CT (hoton X-ray mai nuna jiki yanka-yanka) mai yankan da kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, na dantsen duka tun daga allon kafaɗa har ƙasan gwiwa, da na ɗaya hannun don a samo ainihin tsawo da siffa. Sai MRI na ƙashin duka, a ɗora shi kan CT a kwamfuta. CT ne ke ba da siffar ƙashi, MRI ke nuna iyakar ƙari a ɓargo da ko akwai wani ɗan ƙari da ya tsallake gaba. Layin yanka likita ne ke ja ya sa hannu, ba injiniya ba. A Tarayyar Turai dokar kayan asibiti ta 2017 ma sai da rubutaccen umarnin likita ake ƙera irin wannan, a Amurka kuma rangwamen da aka yi wa kayan awo bai wuce guda 5 a shekara ga nau'i ɗaya ba.

Guntun da Malam Likitan_Ƙari ya ambata yakan ƙunshi gajeriyar sanda mai bin siffar ramin, da wuya mai zama daram a bakin yankan, da faranti ɗaya ko biyu masu kwanciya a bayan ƙashin, da sukuru biyu ko uku masu ratsa ƙashi da sanda. Farantan da sukurun su ne maganin murɗa. Ana buga shi da garin taitaniyom mai aluminiyom kashi 6 da banadiyom kashi 4, ana narka shi shimfiɗa bayan shimfiɗa da leza ko da hasken elektiron. Inda zai taɓa ƙashi ana yin sa da hudoji kamar soso, faɗin kowace huda tsakanin maikiron 300 da 800 (maikiron 1000 ne milimita ɗaya), sarari kuma kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, don ƙashi ya tsiro ciki ya kama. Amfaninsa na biyu shi ne rage tauri: dunƙulallen taitaniyom taurinsa wajen gigafaskal 110 ne, ɓawon ƙashi kuwa bai kai 20 ba. In ƙarfe ya ɗauke duk nauyin, ƙashin da ke kewaye da shi sai ya yi ta narkewa don rashin aiki.

Inda ake yin kuskure a ƙira: a sa hudoji a wurin da ke ɗaukar nauyi. Zuciyar sandar da mahaɗarta da wuya dole su zama dunƙulallu, in ba haka ba a nan take karyewa bayan lanƙwasa dubbai. Bugaggen ƙarfe yana fitowa da ƙananan kumfa a cikinsa, don haka a tambayi kamfani ko an gasa shi cikin zafi da matsi don rufe su, da yadda aka fitar da garin da ya maƙale a hudojin. Fuskokin da ke gogar juna ba a buga su, ƙwallon kobalt da kurom ne mai sheƙi a kan roba ta foliyetilin. Mahaɗar guntun awo da na harhaɗawa kuwa da injin gyare ake yanka ta, kuma lallai ta zama ta kamfani ɗaya. Mahaɗa biyu da suka yi kama a ido amma kusurwarsu ta saɓa da ɗan kaɗan, za su ci juna har su rabu. Ramukan ɗinkin tsoka a goge bakinsu, kaifinsu yana tsinka zare.

Tare da ƙarfen akan zo da jagoran zarto na nailan da ake kafawa da wayoyi masu kaurin milimita 2. An zana shi ne a kan tsurar ƙashi, CT bai nuna fatar ƙashin da naman da ke kanta ba. In ba a share wurin zamansa ba sai ya ɗage, yankan ya karkace, wuyan ƙarfen ya zauna a gefe ɗaya ya bar giɓi a ɗayan, kuma ƙashi ba ya tsallake giɓi ya shiga hudoji. Wurin zaman ya zama a ɓangaren ƙashi mai lafiya, ƙasa da layin yanka. A nemi a sa wa ƙarfen alamar juyi, domin kan ƙashin dantse yana kallon baya da digiri 20 zuwa 30 in aka auna da layin ƙullutan gwiwa biyu, kuma da zarar an cire saman ƙashin babu sauran abin da zai nuna hanya.

Daga hoto zuwa ƙarfe a hannu yakan ci mako 3 zuwa 6. Mako 8 ya isa in aka tura hotunan yanzu. Sai dai ƙari ba ya jira. A sake MRI dab da tiyata, kuma a sa a ƙera guntun iri biyu, na biyun ya dace da yanka mai ƙarin santimita 1 ko 2 zuwa ƙasa.

Mai_Koyon_Tiyata:

Allah ya ƙara sani, malamai. Maganar radiyal da mariƙin deltoyid ta zauna. To in MRI na biyu ya nuna ƙarin ya shiga gaɓa, aka koma nau'i na V, juyayyar gaɓar tana da sauran amfani? A ina ƙwallon zai zauna tunda kwarmin ya tafi?

Tsohon_Hannu:

Likita, a nan ne ake ƙera wa allon kafaɗa nasa mazauni. Yankan kan bi ta wuyan allon, abin da ya rage kuma faifai ne siriri, tsakiyarsa har haske na ratsa shi. Ƙashin kirki yana wuri biyu zuwa uku ne: ƙashin bayan allon mai tudu, da gefensa na waje, da gindin ƙugiyar gaba in ta tsira. Fa'idar awo ita ce an tsara hanyar kowane sukuru ya bi ɗaya daga cikinsu tun a kwamfuta. Amma a nau'i na V galibi deltoyid ma ta tafi. Juyayyar gaɓa ba deltoyid ba ta ɗaga komai, gocewa kawai take yi. Sai a ce a sa mai kulle, to duk ƙarfin da ya kamata gaɓar ta sha ta hanyar motsi sai ya sauka kan sukurun da ke cikin siririn ƙashi. An hana gocewa, an sayi girgiɗewa. In allon duka aka cire, ana buga sabo daga hoton na ɗaya gefen, a juye shi kamar a madubi, a ɗan rage girmansa, a huda shi ko'ina don a ɗinke tsokokin baya da na haƙarƙari. Wannan ma sai akwai tsokar da za ta rufe shi. In babu, rataye dantsen a ƙashin wuya ya fi aminci, ko da kafaɗar za ta zube.

Ina kuma da ɗan ja da abokin aikina Likitan_Ƙari. Yaro ɗan 19 in Allah ya ba shi lafiya zai yi shekara 50 da hannun nan, kuma guntun ƙasan da ake lallaɓawa shi ne jarinsa na ƙarshe. Ranar da ƙarfen awo ya girgiɗe, yakan tafi da ƙashin da ya riƙe. Don haka a auna hanyoyin da ke ƙara ƙashi. Akwai haɗa ƙarfe da ƙashin wani da aka adana, wanda ke zuwa da agarori da za a ɗinke tsoka da su nama da nama. Aibinsa shi ne mahaɗar takan ƙi kamawa a lokacin kemo, kuma yakan narke ko ya karye. Akwai ƙaramin ƙashin ƙauri da ake ɗaukowa da jijiyar jininsa. Akwai kuma mayar da ƙashin majiyyacin bayan an tsoma shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili na minti 20, hanyar da ta yi ƙarfi a Japan. Wannan ba ta yi wa ƙashin da ƙari ya riga ya cinye ba, kuma tana rage abin da za a kai ɗakin gwaji a ga ko kemo ya kashe kashi 90 na ƙarin.

Ga masu karatu, kada a ɗauki wannan shawarar a kai ta kowane ƙari. Kondirosakoma (ciwon dajin guringuntsi) na yau da kullum ba ya jin kemo, ke nan makonnin ƙira zaman jira ne zalla. Ƙarin da ya yaɗo daga ƙoda ko nono ko huhu kuwa ba a jira masa bugu, na harhaɗawa da siminti a sallami mutum ya yi amfani da hannunsa, na ƙoda a toshe jijiyoyin jininsa kwana ɗaya ko biyu kafin a yanka. Ƙaramin yaro lissafinsa daban ne, domin kusan kashi 80 na tsawon dantse daga matsirar sama yake fitowa.

Hajiya_Fisiyo:

Likita, ga abin da ya shafi bayan tiyata. Tunda deltoyid a jikin ƙarfe aka ɗinke ta, zare ne kaɗai ke riƙe da ita har tabo ya kama ragar. Hannun zai zauna kan matashin hammata a buɗe wajen digiri 30 na mako 6. Yatsu da wuyan hannu tun rana ta farko, gwiwa kuma a hankali da taimako, don guntun ƙasa gajere ne kuma ƙashi bai shiga hudojin ba tukuna. Daga mako 6 a fara ɗagawa yana kwance rigingine, ɗaya hannun na taimakawa, ana ɗaga gadon kaɗan-kaɗan har ya iya a zaune. Ƙarfafa tsoka sai bayan mako 12.

Motsin da ke fitar da juyayyar gaɓa ɗaya ne: hannu ya koma baya, ya matso jiki, ya juya ciki. Shi ne kai hannu aljihun baya, da dafa hannun kujera a yunƙura, da dafa katifa a tashi. A nuna masa su ɗaya bayan ɗaya kafin a sallame shi. In ya farka da wuyan hannu a sake, alhali an ga radiyal da ido ba a yanke ta ba, ja ne ya dame ta. A sa masa tallafin wuyan hannu, a ci gaba da motsa yatsu kada su sandare, yawanci takan dawo cikin watanni. A ranakun da kemo ya kayar da ƙwayoyin daskarar jini a sassauta atisaye.

Wani abu kuma: ma'aunin MSTS mai maki 30, wanda ake auna aikin hannu ko ƙafa da shi bayan tiyatar ƙari, yana yaudara a kafaɗa. Abu shida yake aunawa, kowanne maki 5, kuma mutum zai iya cin cikakken maki a rashin ciwo da aikin yatsu da gamsuwa alhali hannunsa bai kai bakinsa ba sai ya sunkuyo. A rubuta digirin da yake ɗagawa da kansa a gefe. Ɗaukar kaya masu nauyi da wannan hannu ya ƙare har abada, musamman abin da ake murɗawa.

Likitan_Ƙari:

Maganar Malam Tsohon_Hannu kan adana ƙashi gaskiya ce, abin da ya sa na karkata ga ƙarfe shi ne kemo da ke jiran yaron. Ana so a koma masa cikin kusan mako 3 da tiyata, kuma duk hanyar da ta tsawaita aiki ko ta jawo rauni ya ƙi warkewa tana cin wannan lokaci.

Tambayarki ta uku, Likita. Wani likita, Henderson, ya kasa lalacewar irin waɗannan ƙarafa gida biyar a 2011: gazawar nama, girgiɗewa ba tare da cuta ba, karyewa, shigar ƙwayoyin cuta, da dawowar ƙari. A kafaɗa ta farkon ce ke kan gaba, wato gocewa. Sanadinta sau da yawa tsawo ne. In ƙarfen ya gaza, deltoyid ta saki, gaɓa ta fita. In ya zarce, jijiyoyi su sha ja, tsinin kafaɗa ma yana iya tsagewa. A auna abin da aka cire a kan tebur, a gwada da na gwaji kafin a kulle mahaɗa. Ƙwayoyin cuta kuwa ramin da aka bari suke so, don haka kada a rufe fata kai tsaye a kan ƙarfe. In tsoka ta yi kaɗan a juyo faffaɗar tsokar baya a rufe.

Ranar tiyata, da an yanke ƙashin a ɗebi ɓargon bakin guntun da ya rage a aika gwajin gaggawa, kuma kada a buɗe kwalin ƙarfen sai sakamako ya dawo. In ya nuna ƙari, a ƙara yanka a koma guntu na biyu. In shi ma bai isa ba, ƙarfen dantse gaba ɗaya ya kasance a ɗakin tun safe, ko aƙalla ƙusar ɓargo da siminti da za a riƙe wurin da su na ɗan lokaci. Bayan sallama a gan shi duk wata 3 a shekara biyun farko da hoton huhu da na dantsen. A hoton ki riƙa kallon bakin wuyan ƙarfen: ƙashi na hawa kansa alama ce ya kama, baƙin layi da ya kai milimita 2 yana faɗaɗa ko sukuru da ya karye kuwa yana nufin a koma ciki tun guntun bai ƙare ba.